Lambun Baba a kan takarda

Shekarun baya, ban daɗe da fara aiki a wani ofishin tsara birane a unguwar Al Khabaisi, can ƙasar Larabawa, ba, shugabata ta sa ni in tattara bayani kan yadda wasu garuruwa ke hana gini cinye gonaki da lambuna. A nan na ci karo da wata dabara da ta kwanta mini a rai. Hukuma kan yanke wa kowane fili iyakar hawan benen da za a ɗora masa. Sai mai lambu ya sayar da wannan izinin nasa ga wani mai gini a tsakiyar gari, wancan ya ƙara hawa, lambun kuma a rubuta cewa ba za a taɓa gina shi ba. Mai lambu ya samu kuɗinsa, itatuwa su ci gaba da shan iska.

A daidai lokacin ne yayana ya taso da maganar sayar da lambun marigayi mahaifinmu da ke bayan Kano. Gari ya iso shi, dillalai kullum suna ƙofar gida. Mangwaro ne a ciki da gwaiba, da wata rijiya da nake leƙawa ina yarinya don in ga fuskata a cikin gajimare.

Ni kuwa sai na ɗauka Allah ne ya aiko mini da amsa har kan teburina. Na zana taswirar lambun daga ƙwaƙwalwata, kowace bishiya a wurinta, na shafa masa kore, na rubuta bayani da Hausa mai daɗi. Wata 'yar Ghana mai jin Hausa da muke ɗaki ɗaya a unguwar Al Muraqqabat ta tsaya a kaina tana goge kayan aikinta, ta karanta, sannan ta ce, "Habibti, a garinku wa ke hana mutum ƙara bene?" Na ce mata ba ta gane tsarin ba ne. Ta ɗaga kafaɗa ta ce khalas, wato shi ke nan.

Na ba wata 'yar kasuwa mai komawa gida takardar, ta cusa ta tsakanin abayoyi da turare. Da ta isa, mahaifiyata ta kafe cewa ba za ta sa hannu a sayarwa ba sai an gwada shawarata, ni da na yi karatun abin. Watanni ta yi a kan bakanta. Saboda ni 'ya'yanta maza suka rage zama a ɗakinta, su gaishe ta daga bakin ƙofa su wuce.

Yayana bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ɗauki takardar ya zaga da ita. A ofishin da ya je aka ce masa ba su da irin wannan tsarin. Masu gini kuma, ɗaya har ya tambaye shi ko ƙanwar tasa lafiyarta ƙalau. Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga ya kira ni, muryarsa a sanyaye: "Auta, wanda zai ɗora bene a nan siminti yake nema. Ba wanda zai sayi abin da ba a hana shi ba."

Jirage biyu suka wuce ban shiga ba.

Aka sayar. Aka zo da igiya aka yanka lambun fili-fili, aka sare mangwarorin, rijiyar aka cike ta da ɓaraguzai. Ban nemi hoto ba, ba a kuma turo mini ba.

Yanzu na san dabarar ba ƙarya ba ce, amma tana rayuwa ne kawai inda akwai iyaka, da hukumar da za ta tsare ta bayan mu duka mun mutu. Ni furen na tsinko na aika gida, na bar saiwar. Har yau aikina ke nan, ina shafa kore a taswirar garuruwan wasu, ana yaba mini.

Da na je hutu na tarar mahaifiyata ta sa an yi wa zanen gilashi, ta rataye shi a saman gadonta. Na ce, "Umma, ki cire wannan abin kunyar mana."

Ta ce, "Bar mini shi. Nan kaɗai ya rage."