Ledar Ummi da Bakuna Bakwai

Har yau ban manta da ranar da aka ce in cire Ummi daga shirin tamowa ba. Lokacin ina babban jami'in lafiya a wani ƙaramin asibiti a Gwammaja. Aikinmu shi ne mu auna damtsen yaro. Idan ya rame ƙwarai, mu ba uwarsa ledojin haɗin gyaɗa da madara na mako guda. Doka ta ce mai ciwon kaɗai zai sha.

Ummi 'yar shekara biyu ce, kuma makonni suka wuce damtsenta bai motsa ba. Shugabar shirin ta kira ni ofis.

"Malam Sule, uwar nan sayarwa take yi. Ka cire ta."

Na ce, "Hajiya, idan na cire ta, ina za ta?"

"Ba ni na rubuta dokar ba."

Na roƙi alfarma a ɗan dakata, na shiga lungun su Ummi. Gida ne na iyalai huɗu, tsakar gidan ba ta fi tabarma biyu ba. Na tarar da kakar, Iya Abu, ta yage leda, yara bakwai sun kewaye ta, tana lakata wa kowa a yatsa. Ummi ce ta ƙarshe.

Na ce, "Iya, ai na Ummi ne!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai Malam, a gidanku haka aka yi maka? Ɗaya na ci, shida na kallo?"

Na yi aiki a Maraɗi da Injamena, na karanta irin wannan doka da Faransanci da Larabci da Turanci. Duk an rubuta ta ne don gida mai yaro ɗaya da ƙofar da ake rufewa.

Muka yi ta ja da Iya har la'asar. Da yaran suka tafi Islamiyya, gida ya yi tsit, na ce, "To yanzu fa? Wa ke kallo?" Ta yi tsaki, ta ɗauko leda.

Kullum a wannan lokacin ake ba Ummi, har ta murmure. Hajiya ta yaba mini a taro. Kafin damina ta wuce, aka kawo mana biyu daga cikin yara shidan nan, su ma da tamowa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, in kun auna damtse, ku tambayi yara nawa ne a gidan.