Takardar Da Babu Sunan Ngozi

Shekara shida ke nan da rasuwar Ngozi, ƙawata kuma abokiyar aikina a ɗakin gwaje-gwaje. Duk shekara sai in ce zan yi rubutu a kanta, in ɗauki biro, in ajiye. Da cewa nake baƙin ciki ne ke hana ni. Bana dai na yarda kunya ce.

A unguwar Gyaɗi-Gyaɗi aka haife ta. Iyayenta daga kudu suka zo, kuma mahaifiyarta, wadda duk layin ke kira Maman Ngozi, har yau tana nan da shagonta na kayan masarufi. Hausa a bakin Ngozi ta fi tawa daɗi, ga tsokana. In na makara sai ta ce, "Hajiya, yau ma daga Legas kika taho?" alhali ta san daga nan unguwar Darmanawa nake.

Da jinin ɓera muke aiki, fararen ɓerayen nan da ake kiwo don bincike. Wanda bai sani ba gani yake jini ai jini ne. Amma cikin ɗigo ɗaya ƙwayoyin zuri'a-zuri'a ne: akwai masu ɗaukar iska, akwai masu haɗiye ƙwayar cuta, akwai masu tuna cutar da suka taɓa karawa da ita. Da yawansu kamarsu ɗaya a ido. Abin da ake rarrabe su da shi wani sinadari ne da ake kira antibodi. Kowane iri zuri'ar da ya sani yake kamawa, kuma an haɗa shi da launi. A ɗiga a jini, a sa a na'ura ta haska, sai kowace zuri'a ta fito da launinta. Ngozi takan ce ita wanzamiya ce, tsagen fuska take yi musu don a san ɗan gidan wane ne.

Daga ƙasar waje ake kawo sinadarin, cikin 'yan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa ba. Ba ya son zafi, ba ya son haske, kuma in ya daskare ya lalace. Shugaban sashenmu, wanda a lokacin Dakta muke kiransa, shi ya samo binciken yadda zazzaɓin cizon sauro ke sauya jinin ɓera. Ya miƙa wa Ngozi kwalaben ya koma yawon taro. Kusan shekara biyu ta yi tana gwada wanne zai zauna da wanne, da kuma mafi ƙanƙantar ɗigon da zai yi aiki don kada su ƙare. Komai tana rubutawa a littafin 'yan makaranta. In aka ɗauke wuta kuma janareta babu mai, sai ta naɗe kwalaben, ta jera su a kular abinci, ta tari adaidaita zuwa shagon Mama. Can suke zama a firjin lemo, tsakanin zoɓo da kunun aya. Mama ba ta san mene ne a ciki ba, amma ta sani sarai ba a kai su sama wajen ƙanƙara, kuma kaiton wanda ya bar mata ƙofar firjin nan a buɗe.

Jinyar kwana huɗu Ngozi ta yi ta rasu. Aka ɗauki gawarta aka kai garin mahaifinta, garin da ba ta taɓa yin wata guda a cikinsa ba. Da Mama ta dawo, Dakta ya zo ta'aziyya, ya zauna a benci a ƙofar shago, har da share hawaye. Kwalaben da littafin duk suna wajen Mama. Ta jawo ni gefe ta ce, "Hadiza, 'yata, in ba shi?" Na ce ta ba shi, ai ubanmu ne a wajen aiki. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce in aikin ya fito sunan Ngozi ne zai zo na farko. Ina tsaye ya faɗa.

Bayan shekara uku takardar binciken ta fito a mujalla. Sunansa ne a gaba, sai na abokansa, irin "sa ni in sa ka" ɗin nan da aka saba. Har da wani da in ya hango ɓera a keji sai ya sauya hanya. Na karanta daga sama har ƙasa, na duba har wajen godiya, babu Ngozi. Sunana kuwa shi ne na shida.

Na sami Dakta a ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ga sunan Ngozi ba." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Malama Hadiza, ki yi tunani mana. Wanda ya rasu ƙarin girma zai nema? Masu rai ake taimakawa. Ke ma ai na sa ki."

Ban taɓa jin an ci amana da murya mai laushi haka ba. Har yau in na tuna hawayen nan na ƙofar shago zuciyata tafasa take. Mutumin da na riƙa rusuna wa, da bakina ya yi amfani ya karɓe abin baiwar Allah daga hannun uwarta. Amma in zan faɗi gaskiya sai in faɗe ta duka: na fito daga ofishin nan ban ce ya cire sunana ba. Da lokacin ƙarin girma ya zo, na sa takardar cikin fayil ɗina, kuma na samu.

Yanzu Farfesa ne. An sa mana sola, ba mai yawo da kula a adaidaita. Nakan tambayi kaina me Ngozi za ta ce da za ta leƙo. Solar za ta yi mata daɗi, har ta yi mana tsiya cewa mun zama 'yan gata. Sannan za ta ga hoton shafin littafinta manne a bango kusa da na'ura, da rubutun hannunta mai karkata, ɗalibai suna bi layi-layi suna kiransa tsarin Farfesa. Ba na jin za ta yi faɗa. Kallona kawai za ta yi, kuma wannan kallon ne ba na son tunawa.

To me ya rage nata? Aikinta yana nan, kullum da shi ake ganin launi a na'ura, kuma ban san wani a sashen nan da ya bar abin da ya kai wannan ba. Na rubuta wa masu mujallar na faɗi abin da na sani, na ce su sa sunanta ko su cire nawa. Na san abin da hakan zai jawo mini a ofis.

Shekara uku ke nan da fitowar takardar, Mama na tambayata ko aikin ya fito, ni kuma ina cewa ana kan yi. Makon jiya na buga takardar na kai mata. Ba ta iya karanta Turancin likitoci ba, amma sunan 'yarta ko a ina ta gan shi ta san shi. Ta goge hannu da zani, ta sa tabarau, ta bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta kai ƙarshe, ta dawo farko. Sai yatsan ya tsaya a na shida.

Ta ce, "Wannan naki ne ko?" Na ce nawa ne.

Sai ta ninke takardar ta miƙo mini, ta ce, "Ke kika ce in ba shi, Hadiza."