Yadda Ɗantani Ya Kori Kulɓa Daga Jigawar Gafasa

A Gafasa kowa ya san Ɗantani da fartanya ba sa jituwa. Ya ba arba'in baya, gandu ɗaya suke ci da yayansa Kamilu, amma da an yi ruwan shuka sai wata hidima ta taso masa: bara ciwon ƙugu ne, bara waccan ɗan kamasho ya zama a tashar Ajingi.

Bana Allah ya kawo masa Dakta Afra'u, malamar jami'a daga Kano mai binciken kulɓa, 'yar ƙadangaruwar nan mai santsi da ke nutsewa cikin rairayi. So take ta kama, ta auna, ta ɗauki hoto, ta saki. Kafin mai unguwa ya gama tambayar wa zai raka ta jigawa, Ɗantani ya rungume bokitinta.

"Yaya, aikin ilimi ne," in ji shi. "Sai a yi haƙuri."

Mutanen gari suka ce ya shiryu. Ba su san lissafinsa ba: ranar da Dakta ta samu abin da take nema za ta koma Kano, shi kuwa ciyawa na jiransa a gonar gyaɗa. Saboda haka kullum shi ne a gaba, yana jan silifa, yana kaɗa bokiti. Da ya hango sawun jela a kan yashi sai tari ya sarƙe shi, irin mai tashin kurciya.

"Sannu, Malam Ɗantani. Tarin nan sai a kan tudu yake zuwa?"

"Sanyin damina ne, ranki ya daɗe."

Ranar da suka sake saukowa da bokiti wayam, suka tarar da Kamilu a bakin gona yana sharce gumi. Dakta ta yi masa barka da aiki, ta koka da rashin sa'a.

"Kulɓa?" in ji Kamilu. "Ai a nan sai kin ture. Da an ɗaga ciyawa suke fitowa."

"To wa zai riƙa ɗaga mana ciyawar?"

Su biyun suka juyo suka dubi Ɗantani.

"Dakta, ni fa ɓangaren bokiti nake."

"Kawo, zan riƙe," ta ce, tana danne dariya. "Ka fara daga kunyar can. A hankali dai, kada ka sare min su."

Sai da gonar ta fita tas binciken ya ƙare.