Igiyar Kande da Tafiyar Rukayya

Ba na son labari a hargitse, don haka daga farko zan fara.

A Dingaya na tashi, a hannun kakata Inna Dije. Da kaka, in an kawo gyaɗa gida, tsarin yammacinmu ba ya sauyawa. A ci tuwo, a yi sallah, a hura wuta a tsakar gida, sannan a juye gyaɗa a tabarma. Inna ba ta ba da tatsuniya kyauta. Muna ɓara, tana faɗa. In hannun wani ya tsaya, sai ta yi shiru tana kallon wuta, har sai mun zunguri mai laifin.

"Ke Hauwa'u," takan ce mini, "a ƙwarya na ce a zuba, ba a kumatu ba."

Wadda na fi so ita ce ta Kande da Tabawa. Wai a wani gari rijiya ta yi zurfi har igiyar kowa ta gaza. Sai waɗannan ƙawaye biyu suka ƙulla igiyoyinsu wuri ɗaya, guga ya taɓa ruwa, gari ya sha. Ana nan sai wani bafatake ya ga Kande ya ce yana so, amma ta kwance igiyarta su tafi da ita, don rijiyar garinsu ma zurfi gare ta.

A nan Inna kan miƙe wuya ta ɗauko muryar Kande: "Malam, ni ma ina son ka, ba ƙarya. Amma in na kwance, da me Tabawa za ta ja ruwa? Ga rama can, zauna ka tufka."

Bafatake ya ɗaure jakunansa, ya zauna tufka har cinyarsa ta yi kanta. Sai da igiyarsa ta maye gurbin ta Kande aka sa rana. Mu kuwa cinyar bafatake kawai muke yi wa dariya.

Yanzu ina Birnin Kudu, ɗinki nake yi. Karatuna bai wuce firamare ba, littattafan soyayya kuma ban ɗauke su a bakin komai ba. Bara 'yata Rukayya da ƙawarta Maryam suka samu gurbin koyon haɗa manhajar waya a Kano. Mahaifin Rukayya ya ce in na yarda ya yarda. Na ce a'a, Kano ta yi wa yarinya girma. Iyayen Maryam kuwa sun ce ba za ta tafi ita kaɗai ba, ga shi lokacin mayar da amsa yana ƙurewa.

Rukayya ba ta yi gardama ba. Wata la'asar ina kan keken ɗinki ta zo ta zauna, ta ce, "Umma, in karanta miki wani abu kina aiki?"

Littafi ne a waya, labarin ƙawaye biyu da suka haɗa manhajar da ke gaya wa manoma lokacin shuka. Ɗaya ta iya na'ura, ɗaya ta iya magana da mutane. Sai saurayin wadda ta iya na'urar ya ce ta bar aikin su koma Abuja. Ta ƙi, suka ɓata.

Babi ɗaya na yarda ta karanta. Washegari ni na tambaya. Na hana ta tsallake ko shafi. Inda na'urarsu ta lalace ana shirin nuna aikin, ban san na tsayar da keke ba. Inda saurayin ya aiko da ban haƙuri ta waya, na ce, "Bai isa ba, ya tako da ƙafarsa."

"Umma, ke da kika ce shirme ne?"

"Karanta. Ban tambaye ki ba."

Ya kuwa tako. Ya hau babur yana bin ƙauyuka yana koya wa manoma amfani da manhajar, rana ta gasa shi, har yarinyar ta ji tausayinsa. Na yi dariya har da hawaye, don bafataken Inna na gani a kan babur.

Bayan dariyar ne na sake juya labarin Inna a raina. Tun ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta masoyi mai haƙuri ce. Ashe maganar Inna a kan Tabawa take, wadda za a bari a bakin rijiya da guntuwar igiya. In mata biyu suka haɗa abin da ya amfani gari, duk mai son ɗayarsu sai ya lissafa da ɗayar. Uwa ma tana cikin masu son.

Na san da gangan Rukayya ta zaɓo littafin nan, amma ban nuna mata na gane ba. Sharuɗɗa na shimfiɗa mata: a gidan yayata za su zauna, sallah a kan lokaci, waya kuma kullum. Ta tsaya tana kallona, baki buɗe.

"Rufe bakin," na ce. "Je ki kira mini Maryam in auna ta. Ba za ku shiga Kano da ɗinkin wani tela ba."