Munduwar Kakata a Hannun Maƙwabciya

Jama'a, yau na ga ƙarshen rashin kunya!

Maƙwabciyata Maman Hauwa ta kawo min munduwar azurfa, ta yi baƙi ƙirin. "Adda, goge min don Allah, jibi bikin 'yata."

Na kwaɓa toka da lemun tsami, na hau gogewa. Baƙin na fita, sai ga tsaga uku a ciki. Shaidar da kakata ta yi da wuƙa! Munduwar da muka bari a akwati ranar da muka gudu daga Mubi!

Na ce, "Ina kika samo wannan?"

Wai a kasuwar Belel ta saya. Alhali ita ce matar da muka bar wa makullin gidanmu ranar gudun!

Har da miƙo hannu: "Kin gama?"

Na zura abata a hannu, na ce, "Na gama. Koma Belel ki sayo wata."