Malam Sabi'u da Layukan da Na Goge

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsaye a bakin titin Bunkure da safen nan ina jiran adaidaita sahu, aka kira ni aka ce Malam Sabi'u ya rasu bayan sallar asuba, a wani asibiti a Kano. Na ce mai kiran ya maimaita, ya maimaita. Adaidaita uku suka wuce ban tsayar da ko ɗaya ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai kula da data a ofishinmu na Kura, lokacin da muke aikin tattara bayanan manoman rani. Teburinsa na can kusurwa, ƙarƙashin wata fanka da ban taɓa ganin ta juya ba. Ni kuwa karatun noma na yi. Aka ɗauke ni aiki, aka dire min laftof, aka ce ga manhajar R nan, da ita ake lissafi. Ko sunan abin ban taɓa ji ba.

Duk wanda ya koyi R ya san jan rubutu. Ka buga umarni da kyakkyawar niyya, kwamfuta ta watso maka jan rubutu kamar ka zagi iyayenta.

A satina na farko, sau ashirin nake ɗaukar laftof zuwa teburin Malam a yini. Wai ba ta ga fayil ɗina ba, alhali ga shi ina kallonsa da idona. Ashe ni na matsar da shi wata folda. Wata rana ta ƙi yi min jimlar buhuna ƙememe, ashe wani mai cike fom ne ya rubuta "buhu takwas da kwano biyar" a gurbin lamba. Na yi ta masifa ni kaɗai, Malam na ta dariya har da cire tabarau.

Shi ya sa min suna Murja uwar jan rubutu, sunan ya bi ni har yau.

Bai taɓa karɓar laftof daga hannuna ya gyara min ba, kuma wallahi abin na ba ni haushi a lokacin. Sai ya ce in karanta masa jan rubutun a bayyane, kalma bayan kalma. Sau da yawa kafin in kai ƙarshe na gano ɓarnata, in koma kujerata sumsum. Ranar da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya ɓalle rabin gurasarsa ya ajiye min a gefen tebur.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu daban ne.

Akwai shekarar da aka ce mu fitar da rahoton amfanin gona na kowane sashe, domin da shi za a zaɓi kanal ɗin ban ruwa da za a fara yashewa a cire masa ciyawar kacalla kafin rani. Sashen da amfaninsa ya fi ƙaranci shi za a fara yi wa. Wanda bai shiga sahun farko ba, sai wata shekarar. Aka ba ni lissafin.

Na nemi matsakaicin buhunan shinkafa na kowane sashe, kwamfuta ta ba ni NA, wato akwai guraben da ba a cike ba, ba za ta yi lissafin ba. Wannan karon na ce ba zan je wajen Malam ba, ni ma ai na fara zama gwana. Na bincika a intanet, na samo layi ɗaya da ke goge duk manomin da aka bar gurbinsa fayau. Na buga. Jadawalin lissafi ya fito tsaf, babu ja ko ɗigo. Kowane sashe ya yi kyau, har da na ƙarshen kanal da ke can bayan Bunkure.

Na kai masa ina taƙama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni manoma nawa suka shiga lissafin, nawa suka fito. Ban sani ba. Ya sa na duba. Kusan duk waɗanda na goge mutanen ƙarshen kanal ne. 'Yan kaɗan da suka rage a sashen masu injin ban ruwa ne na kansu, su suka sa wurin ya yi kama da inda ruwa ya wadata.

Na ce to Malam, ai ba su ba da amsa ba, ya zan yi da su?

Ya ce, "Kwamfuta ba ta san dalilin da ya sa gurbin nan babu komai ba. Ke ma ba ki sani ba. Bambancinku da ita, ke kina da ƙafa."

Washegari muka shiga adaidaita har inda hanya ta ƙare, muka taka sauran a gefen kanal. Tun daga nesa na ga kacalla ta cinye shi, ƙasansa ya tsattsage. Muka tarar da wani dattijo, Baba Ilu, a gindin mangwaro. Na zaro fom ɗina da rawar jiki, na ce Baba buhu nawa aka samu bara?

Ya ce, "Alhamdulillahi, 'yata, sai godiya."

Na sake tambaya, ya sake ba ni amsar nan. Nan na gane abin da ya faru da masu cike fom: an ba su godiya, babu gurbin godiya a takarda, suka bar wurin fayau suka yi gaba.

Malam ya yi min alama in mayar da fom jaka. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kusa da dattijon. Suka yi hirar kacalla, da tsuntsayen da ke ɓarna, da yaushe rabon ruwa ya iso nan. Sun fi rabin awa, ni ina ta duba agogo. Can Baba Ilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ko irin da na zuba bai dawo ba. Amma mutum ba ya buɗe baki ya ce Allah bai ba shi komai ba."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Kwana huɗu muka yi muna bin gonakin nan. Inda ba a samu komai ba muka sa sifili, inda aka samu ɗan kaɗan muka sa shi, wanda ba mu iske ba muka bar gurbinsa muka rubuta dalili. Da na sake lissafin, sashen ya faɗo can ƙasa, inda yake a gaskiya. Kanal ɗinsu ya shiga sahun farko. A gaban ogan ofishinmu kuwa Malam ya ce Murja ce ta gano, ni da na kusa jawo musu wata shekarar babu ruwa.

Bara na bi ta wajen, shinkafa kore shar har bakin mangwaron. Ban jin mutanen wurin sun san sunan Malam Sabi'u.

Rabona da shi sati uku ke nan, a Kura, kusa da injinan casar shinkafa. Ya rame, hular ma ta yi masa yawa. Na ce Malam ya jiki? Ya ce, "Alhamdulillahi, sai godiya." Ni kuma na ce madalla, na zaro waya na nuna masa hoton wani jan rubutu da ya dame ni. Ya yi dariya ya ce in karanta masa a bayyane. Na karanta, na gano da kaina, muka rabu ina cewa zan shigo in gaida iyali.

Ban je ba.

Shi ya koya min cewa wannan amsa ba a karɓarta a tsaye, zama ake yi. Na karɓa a tsaye, na yi gaba kamar masu cike fom. Wannan ne ke cin raina tun safe.

Har yanzu a saman fayil ɗin da nake aiki da shi akwai layi ɗaya da ya buga da hannunsa, shi ne kaɗai layin da ya taɓa buga min: kafin ki goge, je ki tambaya.

Allah Ya jiƙan Malam Sabi'u, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya sa ruwan da ya isa gonakin nan ya zame masa sadaka mai gudana, Ya ba iyalinsa haƙurin rashi. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.