Tarwaɗar da Yaya Bello ya bari cikin rijiya

Shekara tara ke nan da rijiya ta rufta da wana, Yaya Bello, a wani ƙauye gefen Goronyo. Mutane na cewa kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma ni na san idonsa ne.

Yaya bai rarrabe ja da kore. Ga mai haƙar rijiya wannan ba wasa ba ne: jar ƙasa tana riƙewa, laka mai kore-kore tana zubowa. Shi ya sa Baba ke tsayawa a baki, duk gugan ƙasa da ya hau ya duba, ya yi kira, "Ci gaba," ko "Hito!" Bayan rasuwar Baba, kunya ta hana Yaya gaya wa kowa. Ranar da ta rufta, guga ya yi ta hawa da laka mai kore-kore, masu ja suna ta hira.

Al'adarsa, in ya gama rijiya sai ya jefa 'yar tarwaɗa ta cinye ƙwari. Ta gidanmu tana nan. Bara ta hau cikin gugana: ta yi fari fat, wata siririyar yana ta rufe idanunta. Ba ta yi tsalle ba. Ta dai juyo da kai wajena. Na mayar da ita.

Tun daga nan nake karanta labarin wasu kifayen kogo a Meziko. Makafi ne, idon ya shafe, amma gadon ganin ja da kore na nan cikin jikinsu, ya soma lalacewa, bai tafi ba. Da Yaya ya ji, dariya zai yi ya ce, "To mi za su gani can ƙasa? Can kowa irina ne." A mutane kuwa, ta wajen uwa rashin rarrabe ja da kore ke bi ya kama ɗa namiji.

Ni ce uwar. Ɗana Bello, mai sunansa, na aike shi ya tsinko jan tumatir, ya kawo min ɗanyu, yana murna.

Jiya kawunmu ya ce, "Yaron ga ya isa koyon sana'ar gida."

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba shi shiga."

"Don mi?"

Na faɗa masa abin da Yaya ya ɓoye har kabari, a gaban kowa. Kawu ya dubi rijiyar gidanmu. Ba iska, ba guga, amma ruwan yana motsi.